Sharhi: Ciwon Gwiwar Hannu Da Ya Ƙi Tafiya

 

Sharhinmu na yau a kan wani ciwo ne da ba ya kwantar da mutum a gadon asibiti, amma yana iya hana shi neman abinci. Ciwon gwiwar hannu. Babu karaya, babu jini, galibi ko kumburi ba a gani. Mai ciwon zai nuna maka wurin da yatsa ɗaya: ɗan tudun ƙashin nan da ke gefen gwiwar hannu ta waje. Idan hannun yana ajiye, lafiya lau. Amma ya ɗaga buta cike da ruwa, sai zafi ya tsarga masa har wuyan hannu. Ya matse wanki, haka. Ya murɗa mabuɗin ƙofa, haka. Wani ma musabaha a ƙofar masallaci takan sa ya cije leɓe.

Wata ɗaya ya wuce, wata uku, wata shida. An shafa mai, an sha ƙwaya, an gasa da ruwan zafi. Ciwo yana nan daram. Daga nan ne mutum yake fara neman allura, ko ma ya fara tambayar kuɗin tiyata. Saƙon wannan sharhi ke nan tun daga farko: wannan ciwo yana warkewa, amma da lokaci da motsa hannu bisa tsari. Maganin da ya fi saurin kashe zafinsa shi ne wanda ya fi jan kwanakinsa.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin hannun.

Tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu da miƙe yatsu suna kwance ne a bayan hannu, tsakanin gwiwa da wuyan hannu. Dukkansu suna tattaruwa su zama jijiya mai tauri, ta manne a jikin wancan ɗan tudun ƙashi. Duk lokacin da mutum ya damƙi wani abu da ƙarfi, wannan jijiya ce ke shan ja. Ku dubi igiyar guga a bakin rijiya. Kullum wuri ɗaya take goga, har zarenta ya fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, alhali igiyar ba ta katse ba. Haka jijiyar take yi. Jiki yana ƙoƙarin gyara ta, aiki kuma yana sake ɓata gyaran kafin ya kama.

Shekaru da dama likitoci sun ɗauka kumburi ne na cikin jiki. Sai wani likitan ƙashi a Amurka, Robert Nirschl, ya duba naman jijiyar da ake cirowa a wurin tiyata ta madubin ƙara girma. A rahoton da suka fitar shi da abokin aikinsa a 1979, sun nuna cewa abin da ke wurin zare ne da ya hargitse, da ƙananan hanyoyin jini da suka tsiro barkatai. Alamun kumburi kaɗan ne. Ku riƙe wannan, masu sauraro, domin shi zai fayyace mana dalilin da ya sa maganin kumburi yake yaudarar mai ciwon.

Turawa sun laƙaba wa ciwon sunan wasan tanis, tun da wani likita a Ingila, Henry Morris, ya yi rubutu a kansa a 1882. Kafin shi, a 1873, wani likita Bajamushe mai suna Runge ya bayyana shi a hannun masu yawan rubutu. Amma mafi yawan masu fama da shi ba su taɓa shiga filin tanis ba. Kafinta ne mai buga guduma. Makanike ne mai murɗa sufana. Mahauci ne mai saran ƙashi, da tela mai riƙe almakashi daga safe zuwa dare, da mai faskare, da mai wanki da guga. Uwargida ce mai daka da taɓarya, mai tuƙa tuwon gidan mutum ashirin da muciya. Akwai kuma ma'aikacin ofis da hannunsa ke wuni a kan kwamfuta. Ya fi kama masu shekara 35 zuwa 55, wato daidai lokacin da nauyin gida ya hau kan mutum. Shan taba da ciwon suga suna ƙara haɗarinsa. Akwai ɗan'uwansa da ke kama gefen gwiwar na ciki, wanda bai kai shi yawa ba, kuma hanyar kula da su kusan ɗaya ce.

To, mu juya ga magani. Za mu fara da wanda aka fi nema, wato allura.

Ana nufin allurar kotizon, wadda ake yi a daidai wurin ciwon. Gaskiya ne tana aiki kamar yankan wuƙa. Cikin 'yan kwanaki mutum zai ji hannunsa sakayau, ya koma aiki yana sa wa likita albarka. Amma ga abin da ke biyo baya.

A shekarar 2002, mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da aka yi a ƙasar Holan kan mutum 185. An raba su gida uku. Wasu aka yi musu allura. Wasu aka tura su wurin masu gashin ƙashi. Wasu kuwa aka ba su shawara da maganin rage zafi, aka ce su jira. Bayan mako 6, 'yan allura ne a kan gaba, 9 cikin 10 sun ji sauƙi sosai. Sauran suna can baya. Da shekara ta zagayo sai labari ya sha bamban. 'Yan allura suka koma na ƙarshe, kusan 7 cikin 10 ne kawai ke da lafiya. Waɗanda aka ce su jira ma sun wuce su. 'Yan gashin ƙashi kuwa, 9 cikin 10 sun warware.

Masu bincike a birnin Brisbane na Ostireliya sun sake gwadawa a 2006, suka sami irin wannan sakamako: mafi yawan waɗanda allura ta yi wa daɗi da farko, ciwon ya dawo musu. A 2013 suka ƙara zurfafawa. Wasu aka yi musu allurar kotizon, wasu aka yi musu ta ruwan gishiri kawai, ba tare da sun sani ba. Cikin shekara guda, ciwon ya dawo wa fiye da rabin 'yan kotizon. A ɓangaren 'yan ruwan gishiri kuwa, kusan mutum 1 cikin 8 ne ya dawo wa.

Ku sake ji, jama'a. Ruwan gishiri ya fi allurar kotizon kyakkyawan ƙarshe.

Dalilin ba boyayye ba ne. Allurar tana kashe zafi, ba ta ɗinke zaren da ya hargitse. Zafi kuwa shi ne mai gadin da ke ce wa mutum ya sassauta. Da zarar an sallami mai gadi, kafinta ya koma kan guduma da dukkan ƙarfinsa, jijiyar da ba ta warke ba ta ci gaba da cinyewa. Maganin kansa ma yana raunana jijiya idan aka maimaita. Yakan kuma bar tabo fari a wurin, abin da ya fi fitowa fili a baƙar fata, naman wurin ya ɗan lotsa. Mai ciwon suga kuma sugansa yakan hau na 'yan kwanaki. Akwai yanayin da likita zai ga dacewar yin ta sau ɗaya, misali mutum yana da wata larura ta dole a gabansa ko zafi ya hana shi barci. Amma ya kamata a faɗa masa farashin da zai iya biya daga baya. Allura ta biyu da ta uku a wuri ɗaya, a kantin magani, a hannun wanda ba likita ba, wannan kasada ce tsagwaronta.

Sai maganar ƙwayoyi. Man shafawa mai ɗauke da diklofenak yana rage zafi na ɗan lokaci, kuma illarsa kaɗan ce. Farasitamol ma yana taimakawa. Abin tsoro shi ne shan ibuprofen ko diklofenak kullum, wata da watanni, musamman da cikin da babu abinci. Suna jawo gyambon ciki, suna taɓa ƙoda, suna ɗaga hawan jini. Haɗin magani da ake ƙulla wa mutum a leda, ja da fari da rawaya, bai san sunan ko ɗaya ba, wannan ya fi komai haɗari. Tramadol kuwa ba shi da hurumi a nan ko kaɗan. Abin takaici ne mutum ya shiga da ciwon hannu ya fita da ciwon ƙoda. Sannan wanda ke fama da ciwon jijiya ya sanar da likita kafin a rubuta masa siprofloksasin, maganin nan da ake yawan sha don taifot. Tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kan danginsa, cewa suna iya lalata jijiya har ta tsinke.

Yanzu ga inda maganar take. Idan ba allura ba, me za a yi?

Abu na farko, a rage wa jijiyar kaya, ba tare da an ajiye hannun gaba ɗaya ba. Hannun da aka rataye a wuya makonni yana ƙara rauni ne, gwiwar kuma ta sanƙare. Sannan wa zai ce wa mai wanki ya zauna wata uku? Yara me za su ci? Dabara ita ce a sauya yadda ake aikin. Idan za a ɗaga kaya, tafin hannu ya kalli sama, gwiwa kuma ta matso kusa da jiki. Ɗaga bokiti ko tukunya tafin hannu na kallon ƙasa, hannu a miƙe, shi ne ke tsokano ciwon. A sa hannu biyu inda ake sa ɗaya. Ƙotar guduma ko ta wuƙa idan siririya ce, a naɗe ta da tsumma ko roba ta yi kauri, don kada sai an damƙe da ƙarfi. Mahauci ya wasa wuƙarsa, tela ya wasa almakashinsa, domin dakusasshen kayan aiki ƙarfin hannu yake ci. Uwargida ta kai hatsi inji na wani lokaci, ko yara su karɓi daka da matse wanki. Maigida kuma ya fahimci cewa ba ƙiwa ba ce. A riƙa ɗan tsayawa a tsakiyar aiki, a saki yatsu, a miƙe hannu.

Akwai wani ɗan maɗauri da ake sayarwa a manyan kantunan magani. Ana ɗaura shi kamar faɗin yatsu biyu ko uku ƙasa da gwiwar, a kan tsoka, ba a kan ƙashin ba. Yana rage jan da ke kai wa ga jijiya. A sa shi lokacin aiki, a cire lokacin hutu da barci. Idan yatsu suka fara mutuwa, an matse da yawa.

Abu na biyu, kuma shi ne gishirin maganar: a ƙarfafa jijiyar sannu a hankali. Jijiya tana sake gina kanta ne idan ana ɗora mata nauyi daidai gwargwado. Ga yadda masu gashin ƙashi ke koyar da shi. Mutum ya zauna, ya shimfiɗa hannunsa a kan tebur ko a kan cinyarsa, tafin hannu na kallon ƙasa, wuyan hannu ya ɗan zarce baki. Ya riƙe ƙaramar robar ruwa mai rabin lita. Ya sa lafiyayyen hannunsa ya ɗaga masa wuyan hannun sama. Sai ya saki, ya bar hannun mai ciwo ya sauke robar ƙasa a hankali, yana ƙirga ɗaya zuwa biyar. A saukewar nan aikin yake. Ya maimaita sau 10 zuwa 15, ya huta, ya sake, har zubi uku. Kullum. Idan robar ta yi masa nauyi da farko, ya rage ruwan. Idan ta zama wasa, ya ƙara nauyi kaɗan. Wani motsin kuma shi ne a naɗe tawul a murɗa shi a hankali, kamar mai matse wanki cikin natsuwa. Wani masanin gashin ƙashi a Amurka, Timothy Tyler, ya gwada irin wannan murɗawa da sandar roba, ya buga sakamakonsa a 2010, kuma yanzu ana koyar da ita a ƙasashe da yawa.

Ɗan zafi lokacin motsin ba laifi ba ne. Ma'auni shi ne washegari. Idan an tashi da ciwo fiye da na jiya, an wuce gona da iri, a rage. Kada kuma a sa ran ganin canji cikin kwana uku. Mako 6 zuwa 12 ake magana. A nan ne mutane da yawa ke karaya, su watsar a mako na biyu su ce ba ya aiki. Wanda ke kusa da Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko duk babban asibitin da ke da sashen gashin ƙashi, ya je a gwada masa da hannu. Zuwa biyu ko uku ya isa ya koya, sauran aikin a gida ne.

Mu sake nanatawa. Lokaci, da motsa hannu bisa tsari. A kan wannan turba, mutum 8 zuwa 9 cikin 10 suna warwarewa cikin shekara guda. Wasu kan kai shekara biyu.

To, ina labarin wanda ya yi duk wannan, wata shida, shekara, ciwo yana nan?

Kafin a yi gaba, a koma a tabbatar ciwon da ake zato ne. Ba duk zafin gwiwar hannu ne daga wannan jijiya ba. Wani daga wuya yake saukowa. Wani jijiyar saƙo ce ta matse a cikin tsoka, shi ya sa yatsu ke mutuwa ko ake jin kamar tsiyayar wuta, musamman ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Wani kuma amosanin gaɓɓai ne. Likita yakan gane da hannunsa: ya danna tudun ƙashin, ya ce a ɗaga wuyan hannu yana dannewa. Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, amfaninsa shi ne kore wata matsalar. Idan ana son ganin jijiyar kanta, sai a yi sikanin.

Daga nan akwai magunguna masu tsada da ake tallatawa a asibitocin kuɗi. Ɗaya shi ne a ɗebi jinin mutum, a tace shi a na'ura, a mayar masa da wani sashe a jijiyar. Likitoci suna kiransa PRP. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara binciken duniya ta auna, ta duba shi a 2021, ta ce bai nuna wani fifiko na a zo a gani ba a kan allurar da babu magani a ciki. Akwai kuma na'urar da ke harba girgizar sauti a jijiyar. Ita ma da ƙungiyar ta auna ta a 2005, amfaninta kaɗan ne ko babu. Wasu likitoci suna ganin sun taimaki wasu marasa lafiya, kuma illarsu ba ta kai ta kotizon ba. Amma kada magidanci ya sayar da akuya ko keken ɗinki don su, yana zaton a nan waraka take.

Tiyata ita ce ta ƙarshe, kuma kaɗan ne ke kai wa gare ta. Ana yanke sashen jijiyar da ya lalace, ko ta buɗe fata ko ta ƙaramar kafa da kyamara. Shahararren ɗan wasan kurket na Indiya, Sachin Tendulkar, ya kamu da wannan ciwo a 2004. Ya yi ta fama, har aka yi masa aiki a Landan a 2005, ya shafe watanni kafin ya koma fili. Mutum ne mai kuɗi da likitoci a kewaye da shi, amma shi ma sai da ya jira. Sannan a 2018, wasu likitoci biyu a birnin Sydney, Kroslak da Murrell, suka buga wani gwaji a kan mutum 26 da ciwon ya daɗe musu. Rabi aka yi musu cikakken aiki. Rabi aka buɗe fata kawai aka ɗinke, ba a yanke komai daga jijiyar ba. Dukkansu suka sami sauƙi, kuma babu bambanci tsakaninsu. Gwajin ƙarami ne, amma ya isa ya sa likita da mara lafiya su yi tunani sau biyu kafin a kama wuƙa.

Wata magana a kan abin da muka gada. Masu ɗori da wanzamai suna da matsayinsu a cikin al'umma, kuma su ne na kusa. Sai dai a nan babu ƙashin da ya karye ko ya goce, saboda haka ɗaure gwiwar da kara sanƙarewa zai jawo. Tsaga ko ƙaho a fata ba ya kai wa ga jijiyar da ke manne da ƙashi, aska kuma idan ta ratsa jikin mutane da yawa tana iya ɗauko wata cutar. Gasawa da ruwan ɗumi da tausa mai sauƙi a kan tsoka ba su da laifi, in dai ba su maye gurbin motsin ƙarfafawa ba.

Akwai alamun da ba a jira da su. Idan gwiwar ta kumbura ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar. Idan bayan faɗuwa ne, ko hannu ya ƙi miƙewa ko lanƙwasuwa, ko yatsu suna rasa ƙarfi, a tafi. Idan ciwon hannun hagu ya zo da nauyin ƙirji, da zufa, da sarƙewar numfashi, wannan maganar zuciya ce, a garzaya nan take. Yaro ƙarami mai ciwon gwiwar hannu, ko mai sikila, shi ma likita ya kamata ya gani.

Jama'a masu sauraro, wanda ke jin wannan sharhi yana dafe da gwiwar hannunsa, ya kwantar da hankalinsa. Hannun bai mutu ba, kuma mafi yawan masu irin ciwonsa sun koma sana'arsu. Ya nemi robar ruwa tun daren nan, ya fara a hankali, ya ba ta wata uku. Idan aka ce za a yi masa allura, ya tambayi likita yadda hannun zai kasance bayan shekara. Mai mata ko uwa ko ma'aikaci da ke wannan fama, ya ɗauke musu wani sashe na aikin har jijiyar ta kama. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.